Wasiƙa zuwa ga Abba a kan maganar Auta

Assalamu alaikum.

Abba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan Auyo sai godiyar Allah. Innarku tana gaishe ka.

Maganar Auta ce ta sa na ɗauki biro. Na ji abin da ka gaya masa a waya, wai ragwanci da raunin imani ne ke damunsa, tunda ambaliyar 2022 ba shinkafarsa kaɗai ta ci ba, har da taka, ga shi kuma kai ka miƙe. Ka miƙe kam, Allah ya ƙara buɗi. Amma hukuncin da ka yanke wa ƙaninka ban yarda da shi ba.

Kana Kano, ba ka ganin abin da muke gani. Bayan ruwa ya janye yaron nan ya ci bashi ya shiga noman rani, sai aka cire tallafin mai a 2023, fetur ɗin injin ban ruwa ya lashe ɗan abin da zai samu. Tun daga lokacin bai ƙara yin barcin kirki ba. Cikin tsakar dare ina jin motsinsa a zaure. Matarsa takan ɗauke kwanon tuwo yadda ta ajiye shi. Ya daina zama a majalisa, kuma da babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya zabura, a zatonsa mai bin bashi ne. Rago ba ya haka, Abba. Rago barcinsa yake sha.

Ka san aikin asibiti na yi har na yi ritaya, to bari in gaya maka abin da ke faruwa a jikinsa. Idan mutum ya shiga tashin hankali, ƙwaƙwalwa takan aika wa wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, su saki sinadarin kotizol. Shi ke ƙara suga a jini, ya ɗaga bugun jini, ya hana ido runtsawa, don mutum ya iya tarar haɗari. Rahama ce idan na yini ɗaya ne, domin da abin ya wuce jiki kan sauko da kansa. Idan kuwa damuwar ta ɗauki watanni, sai barci ya lalace, hawan jini ya samu ƙofa, zuciya ta mutu a kan komai. Saurin saukowar nan kuma ba ɗaya ba ne ga kowa, akwai gado a ciki. Ruwa ɗaya ke sauka a tudu da fadama, tudu ya shanye kafin azahar, fadama ta riƙe shi har kaka.

Masana sun daɗe suna gwada tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya da waɗanda ba haka ba, suka gano cewa a ciwon damuwa gado yana da kamar kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Sauran yana ga abin da rayuwa ta ɗora wa mutum da kuma wanda ya samu ya tallafe shi. Mu kuma abin nan ba baƙo ba ne a zuri'armu. Gwaggonku, Allah ya jiƙanta, bayan rasuwar mijinta ta fi shekara ba ta fita ko biki, mutane suna ta cewa iska ce. Uwa ɗaya uba ɗaya kuke da Auta, amma rabon da kowannenku ya ɗauka daga gare mu daban ne, kuma ba wanda aka yi shawara da shi.

Kada ka ɗauka irin gadon sikila ne, da za a ɗebi jini a ce AS ko SS. A 2003 wani bincike da ya bi rayuwar yara kusan 1,000 a garin Dunedin na ƙasar Niyu Zilan ya nuna kamar an kama ƙwayar halitta guda da ke sa wahala ta fi kayar da wasu. Da aka sake dubawa a 2019 da mutane dubu ɗaruruwa, maganar ba ta tsaya ba. Abin da aka fahimta yanzu shi ne ƙwayoyin suna da yawa ƙwarai, kowace da ɗan tasirinta kaɗan. Saboda haka ba a rubuta wa Auta ya dawwama a haka ba, kai ma kada ka ɗauka ka tsira har abada.

Batun imani kuwa, ka ji tsoron Allah. Annabi Yaƙubu, alaihissalam, ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa har idanunsa suka yi fari. Wa ya isa ya ce imaninsa ne ya raunana? Auta yana sallarsa a jam'i, addu'a kuma muna yi masa dare da rana. Neman magani ba ya kore ta.

Akwai abin da ya fi tsaya min a rai. Matarsa tana da ciki, kuma na lura ita ma ta rage cin abinci saboda halin da gidan ke ciki. A ƙasar Holan an yi yunwa mai tsanani daga ƙarshen 1944 zuwa 1945, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Yaran da iyayensu mata ke ɗauke da cikinsu a watannin nan, da suka manyanta an fi samun ciwon suga da ciwon zuciya a cikinsu. Ba na son jikana ya fara biyan bashin nan tun bai zo duniya ba.

Ka kira shi a makon nan, ba da faɗa ba, ka ba shi haƙuri, don maganarka ta fi tawa nauyi a wurinsa. Bashin taki da na fetur mu raba, ni zan sayar da bijimin nan in biya rabi, kai ka ɗauki rabi, a ce masa rance ne sai ya samu, don kada ya ji an raina shi. Sannan tunda a kasuwar Dawanau kake yini, asibitin ƙwaƙwalwa yana nan kusa da kai. Ka je ka tambayo ranar da ake ganin likita, ka zo da kanka ka tafi da shi. Idan ya ce shi ba mahaukaci ba ne, ka ce masa rashin barci da hawan jini za a duba, kuma gaskiya ka faɗa. Ka taho wa matarsa da wake da busasshen kifi.

Allah ya yi muku albarka baki ɗaya.

Mahaifinka.