Zuwa ga kwastomominmu na Ayobo da Ipaja: maganar ƙarin kuɗin tanka da jinkirin ruwa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu, Alhazai da Hajiyoyi, da sabbin maƙwabta da suka tare a gidajensu kwanan nan a Ayobo, Ipaja, Command, Meiran har zuwa Abule Egba, muna gaishe ku da fatan kowa yana lafiya da iyali. Dole ce ta sa muka rubuta wannan takarda, don maganar ta yi yawa a waya, duk wanda ya kira sai an faro masa bayani daga tushe, wani ma ba ya tsayawa ya ji ƙarshe sai ya kashe. To gara mu faɗa sau ɗaya kowa ya karanta da idonsa.

Eh mun ƙara kuɗin tankar ruwa, kuma eh a 'yan makonnin nan wanda ya saba ganin motarmu a ƙofar gidansa da safe wani lokaci sai bayan la'asar take isowa. Ba mu musa ba. Amma abin da aka rubuta a guruf ɗin WhatsApp na unguwa, wai mun ga mutane sun gama gini sun tare ba su da yadda za su yi shi ya sa muke matse su, wallahi wannan magana ta yi mana zafi, kuma abin da ya fi zafin shi ne a cikin waɗanda suka sa hannu a ƙarƙashinta akwai gidajen da mu muka zuba ruwan da aka buga bulonsu. Ba za mu kira sunan kowa ba, ba tarbiyyarmu ba ce. Amma ruwa ba ya tsami banza, dan Allah ku ba mu minti kaɗan ku ji yadda abin yake.

Mu fara da mai. Mutane da yawa suna cewa ai tallafin fetur tun 29 ga Mayun 2023 aka cire shi, me ya sa sai yanzu. To su manyan motocinmu ba fetur suke sha ba, dizal suke sha, shi kuma dizal dama ba shi da wani tallafi, dala yake bi. A farkon 2022 lita ba ta kai naira 400 ba. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati har ta wuce 1,500 a farkon 2024, shi ma dizal ya bi ta ya haura naira 1,000. Da matatar Dangote ta fara fitar da dizal a 2024 an ɗan samu sauƙi, mun gode Allah, amma bai taɓa komawa inda ya baro ba. Fetur ɗin ma bai bar mu ba fa, don ɗan injin da ke jikin mota wanda yake tura ruwa ya hau tankinku na sama, fetur yake sha, shi ma daga ƙasa da naira 200 ya tashi zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 yana taɓa 1,000 a nan Legas. Duk wannan lokacin mun yi ta haɗiyewa, ƙarin da muka yi a baya bai kai rabin abin da ya hau kanmu ba, muna cewa bari mu ga ko abin zai sauko.

Sannan ruwan nan ba namu ba ne, wannan shi ne abin da wasu ba su sani ba. Saya muke yi a wajen mai bohol, wani bawan Allah da muka daɗe tare da shi saboda ruwansa mai kyau ne kuma yana da injin tacewa. Layin wutarsa yana cikin waɗanda aka sa a Band A, su ne aka ƙara wa kuɗi a watan Afrilun 2024 zuwa naira 225 kowane yunit daga sittin da wani abu, an ce za a riƙa ba su wuta awa 20 a rana. Ranar da wutar ta zo mitarsa tana gudu, ranar da ba ta zo ba sai ya tada janareta da dizal ɗin nan dai, ko ta ina ka bi kuɗi ne. Shi ma ya yi mana haƙuri na tsawon lokaci kafin ya kira mu ya ce ba zai iya ba kuma. Yanzu ya rage awannin da yake kunna sumo, wato injin da ke jawo ruwa daga cikin bohol, motoci suna yin layi tun asuba, idan direbanmu ya samu shiga a sahun farko to alhamdulillahi, idan bai samu ba sai ya zauna jira rana ta take. Asalin jinkirin ke nan, ba wai direba ya tsaya shan shayi ba kamar yadda wani ya rubuta.

Ga kuma mai filin da muke ajiye motoci. Ya zo mana da sabon kuɗin haya kuma wai shekara biyu yake so a dunƙule, alhali dokar haya ta jihar Legas ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara ɗaya. Mun faɗa masa haka cikin ladabi, ya ce to akwai mai son wurin zai yi shaguna. Kun san yadda fili ya zama a Alimosho yanzu, ƙaramar hukumar da ta fi kowacce yawan jama'a a Legas, duk inda ka ga sarari yau gobe an kafa harsashi, ina za ka samu wurin da babbar mota za ta shiga ta juya? Ba ma son rigima da shi, dattijo ne, muna ta bin sa ta hannun manya.

Ban ma yi maganar kayan gyara ba. Taya, batir, sifirin, famfon mai, duk daga waje suke zuwa, duk wanda ya taka kasuwar kayan gyaran mota ta Ladipo kwanan nan ya san abin da nake nufi. Kuma hanyoyin cikin sabbin unguwannin nan da ba a zuba musu kwalta ba, da damina ta kankama a watan Yuni, mota ɗauke da lita 10,000 tana shiga layi sai tayar baya ta nutse a jar laka har ƙarfen ƙasa ya zauna, yaranmu su sauka su tuɓe riga suna haƙa da shebur suna cusa fasassun bulo da katako a ƙarƙashi, wani lokaci sai an zubar da rabin ruwan a ƙasa kafin ta fita, ruwan da muka biya kuɗinsa. Sai kuma gosulon Iyana Ipaja, da masu yankar tikiti a hanya. Wannan kam ba sai na faɗa muku ba.

Mun ji cewa wasu sun koma kiran wasu motoci masu araha. Kowa da aljihunsa, ba za mu hana ba, kuma ba ma ɓata sana'ar kowa, su ma abinci suke nema. Abu ɗaya kawai muke roƙo don Allah, ku tambayi direba a ina ya ɗebo. Yankin nan namu ba ko'ina ake shan ruwan ƙasa ba. Duk wanda ya daɗe a Ipaja ya san labarin Baruwa, inda man da ya tsiyaya daga bututu ya shiga rijiyoyin mutane shekara da shekaru, ka ja guga ka ji warin fetur. Wasu wuraren kuma ruwan ƙarfe ne da shi, yana fitowa fari tas a bokiti, ka bar shi ya kwana ka tarar ya yi ja, tayil ɗin bayi ya yi tsatsa, farar shaddar maigida ta koma ruwan ƙasa-ƙasa bayan wanki biyu, Hajiyoyi sun fi mu sanin wannan. Kuma ba mu manta da kwalarar da gwamnatin Legas ta sanar a watan Yunin 2024 ba. Mu dai gidajenmu wannan ruwan da muke kawo muku shi muke sha, shi 'ya'yanmu suke sha.

Ku kuma sabbin tarewa, barkanku da zuwa, Allah ya sanya alheri ya sa gidan zama ne. Mun san da yawanku daga Agege kuka taso, wasu daga Idi-Araba ko Mile 12, inda ka leƙa waje ka kira mai kura ya sauke maka jarka. Nan ba haka ba ne, layin da gida biyar ne kawai aka tare mai ruwa ba zai turo kura cikin laka ya zo ba, famfon gwamnati kuma duk da ga matatun ruwa na Iju da Adiyan can ba nisa, bututun bai iso yawancin layukan nan ba. Don haka ko dai bohol ko tanka. Idan bohol za ku haƙa, mu ba ma baƙin ciki da hakan wallahi, da yawa daga cikin tsofaffin kwastomominmu sun haƙa kuma har yau muna gaisawa muna zuwa wanke musu tanki. Amma ku kula da inda za a sa sokawe, wato ramin ruwan bayi, masana lafiya suna cewa a ba da tazarar kamar mita 30 tsakaninsa da rijiya, alhali cikakken fuloti a nan ƙafa 60 ne da 120, wasu ma rabin fuloti suka saya, kuma maƙwabcinka na bayan katanga bai yi shawara da kai ba kafin ya haƙa nasa ramin. Ku sa a kai ruwan a gwada a ɗakin gwaji kafin yara su fara sha, kuma ko an samu mai kyau tankin sama yana son wanki lokaci-lokaci, ku hau ku buɗe murfin ku ga abin da ke kwance a ƙasansa. Maganar shara kuma ku nemi mai motar kwashe shara ta PSP da LAWMA, hukumar shara ta Legas, ta ba unguwarku ku yi rajista, kar ku saba da ba masu kurar shara, gwamnati ta hana. Fulamba, mai gyaran sumo, mai wayarin, maigadi amintacce, duk muna da mutanen da muka sani muka san gidajensu, kuma ba ma karɓar ko sisi a kan haɗa ku da su, haka muke yi tun farko.

To me muke yi a kan matsalar? Muna ƙoƙari. Muna magana da wani mai bohol na biyu, sai dai ba za mu fara ɗiba ba sai hankalinmu ya kwanta da ruwan. Maganar fili ma ana kan tattaunawa. Akwai kuma wani tsari da muke dubawa na haɗa gidajen layi ɗaya a rana ɗaya don a rage zirga-zirga, idan ya nuna za ku ji daga gare mu insha Allah. Ba ma son mu sa rana mu zo mu kasa cikawa. Sabon farashi yana jikin takardar da direba zai miƙa muku, kuma idan abubuwa suka sauko mu ma za mu duba.

Akwai mutanen da ba zai yiwu mu rufe takardar nan ba mu gode musu ba. Babanmu Alhaji na layin masallacin Juma'a, wanda ya ba mu aikin ruwan gininsa tun muna da tsohuwar mota guda ɗaya mai ɗigar da ruwa a hanya, ya kuma riƙa nuna mu ga abokansa na kasuwar shanu ta Oko-Oba, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Hajiyarmu mai abinci da ba ta taɓa barin yaranmu su sauke ruwa su tafi da yunwa ba. Malaman Islamiyyar da muke kai wa ruwa tun ɗalibai suna zama a kan tabarma a ƙarƙashin rumfar kwano. Da maƙwabtanmu Yarbawa na kwamitin masu gidaje da suka tsaya mana lokacin da aka so hana motocinmu shiga get. Kun tuna kullen korona da aka fara a ƙarshen Maris 2020, da wahalar takardun kuɗi a farkon 2023 lokacin canjin naira, mutum yana da kuɗi a banki amma tiransifa ta ƙi tafiya, POS babu kuɗi? Ba gidan da muka ce sai an biya kafin mu sauke tiyo. Mun rubuta a littafi muka ce idan an samu a kawo. Ba gori muke yi ba, Allah ya sani, ku ma kun yi mana haƙuri ranakun da mota ta lalace. Muna tunatarwa ne kawai don wanda ya zo jiya ya ji ana kiran mu macuta ya san ba haka muka zauna da mutane ba.

Yaran da ke aiki da mu, direbobi da masu jan tiyo, yawancinsu suna da iyali a nan wasu kuma suna aikawa gida Arewa duk wata, kullum suna tambayata, Oga yaya ake ciki, don su ma suna ganin kiran waya ya ragu. Dan Allah idan mota ta makara kar a huce a kansu, ba su da laifi, a kira ofis a yi da ni.

Wanda yake ganin sabon farashin ya fi ƙarfinsa, kafin ya yanke shawara ya kira mu tukuna mu yi magana, ko rabin tanka ne ana iya raba wa gida biyu idan kuna kusa. Masu tsohon lissafi a littafi kuma, ba mu matsa ba, amma wanda Allah ya hore wa ya taimaka ya rage wani abu a wannan watan, da shi za mu sayi dizal. Lambar ofis tana nan yadda kuka san ta, muna ɗauka daga bayan sallar asuba har isha'i, kuma wanda yake son ruwa ranar Juma'a ya yi ƙoƙari ya faɗa tun Laraba saboda layin wajen ɗiba.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Shugaban kamfani, a madadin direbobi da duk yaran aiki