Wasiƙa Zuwa Ga Auta A Funtuwa

Auta,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Gyatumarka tana gaishe ka, ƙafar tata ta yi sauƙi.

Ran Juma'a a kasuwar Wudil wani dillalin shanu ya ja ni gefe. Ya ce ana ganin wuta a maƙerarka bayan isha'i, ƙofa a rufe, masu zuwa kuma a kan babura suke zuwa, fuska naɗe da rawani. Bai ambaci bindiga ba, amma na fahimce shi. Tun ranar tuwo ya daina wuce min. Kuɗin da ka aiko da azumi, waɗanda na yi ta nuna wa kawunka ina sa maka albarka, suna nan ƙarƙashin tabarma na kasa taɓawa. Shekara hamsin na yi a gindin uwar maƙera, na san abin da lauje da fartanya suke kawowa.

Ban saba ba ku labarin yaƙin basasa ba, yau za ka ji. A 1967 na ajiye wa Baba zugazuginsa ina ɗan shekara 19. Horon 'yan makonni aka yi mana a Zariya, aka tura mu runduna ta biyu, ta Murtala. Ina cikin jerin motocin da aka ƙone a Abagana, hanyar Anacha, a ƙarshen Maris 1968. Amma abin da yake tashe ni cikin dare har yau shi ne nakiyar da muke kira bokitin Ojukwu. Mutanen Biyafara da hannunsu suke haɗa shi: garwa, albarushi, ƙusoshi da guntayen ƙarfe. Akwai wani yaro ɗan ƙasar Haɗeja da muke ci a kwano ɗaya. Ni na riƙe shi aka zaro ƙarfe daga cinyarsa. Da na juya guntun a tafina sai na ga saran kurfi, a miƙe, ba gargada, aikin wanda ya iya. Ɗan'uwana ne a sana'a ya sare shi, Auta. Yaron bai kai asuba ba, shi kuwa maƙerin bai taɓa ganin fuskarsa ba, ƙila ma a daren nan ya wanke hannu ya ci abinci da 'ya'yansa.

Na san za ka ce ni ma na gyara wa mafarauta harba-ruga. Na gyara. Amma kowanne na san shi, na san ubansa, kuma da rana tsaka na yi, Sarkin Maƙera yana zaune a inuwa. Kai wa ka sani? Wanda ya ce maka shi ɗan sa-kai ne, ka bi shi dajin ka gani? Manomin da za a tsare a gonarsa da abin da ka ƙera, fartanyar maƙeri ce a kafaɗarsa. Wallahi in maganar nan gaskiya ce, ban yafe ka ɗora masabar kakanka a kan wannan aiki ba. Ba don haka na kama hannunka na koya maka riƙon awartaki ba.

Ni ma ina da nawa laifin. Na tsare ka a bakin wuta lokacin da sa'o'inka suke makaranta, ga shi kayan kanti sun karya mana kasuwa. Abin da na gada shi na ba ka, ba ni da wani. In kuma ƙarya aka yi maka, ka yi wa tsoho afuwa, tsoro ne.

Ka zo gida kafin ruwan shuka. Garemani sun taru a zaure suna jiran gyara, hannuna na dama kuma ya fara rawa. Na sa an ajiye gawayin ƙirya buhu biyu. Gyatumarka ba ta san komai ba, ban faɗa mata ba. Ka taho da masabar.

Mahaifinka.