Zuwa Ga Ɗiyata, Kan Nono da Barcin Jariri

Sakkwato

Assalamu alaikum, ɗiyata.

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ke da maigidanki da ɗan angona. Tun da muka ajiye waya daren jiya muryarki ba ta bar kunnena ba. Kin ce yaro ba ya sakin nono, da kin kwantar da shi sai ya farka, kuma matan gida suna cewa nononki bai isar shi ba, a ƙara mashi da ruwa tunda bazara ta kama. Na ji kina haɗiye kuka. Shi ya sa na zauna bayan sallar asuba in rubuto maki, don ki samu abin da za ki riƙa dubawa idan magana ta yi maki yawa.

Nononki ya ishe shi. Kwana arba'in kika yi a gabana, da idona na ga yadda yake kamawa yana haɗiya. Jariri kamarsa yana tsotso sau 8 zuwa 12 a yini da dare, wani lokaci ma ya wuce haka, domin tumbinsa ƙarami ne kuma nono ba ya daɗewa a ciki. Wajen sati 6 ɗin nan da yake ciki, yara da yawa sukan ƙara naci da rigima, musamman daga la'asar zuwa isha'i. Girma ne ya taso mashi. Yawan tsotson shi ke sa nonon ya ƙaru, kwana biyu ko uku za ki ga ya lafa. Kada ki sa mashi agogo. Da kin ga yana juya kai yana tsotsar hannu, ki ba shi, kada ki jira sai ya yi kuka ya sha wuya. Ki bar shi ya gama da nono ɗaya kafin ki juya shi, saboda ruwan nonon da ke fara fitowa tsinkakke ne mai kashe ƙishi, mai maiƙon da ke ƙosarwa yana zuwa daga baya.

Maganar ruwa kuwa, a nan nake roƙonki. Kin san akwai wanda na haifa kafin ke. Ban taɓa zama na ba ki labarinsa ba. A watan zafi aka haife shi, irin zafin garin nan da ke wuce digiri 40, wanda ko tabarma ka taɓa sai ka ji kamar an ɗauko ta daga murhu. Aka matse dakashi aka zubar, aka ce ƙazanta ce. Aka ce in riƙa ɗura mashi ruwan randa kada maƙoshinsa ya bushe, ni kuma yarinya ce, na yi. Gudawa ta kama shi, maɗigarsa ta faɗa, kafin mu kai asibiti ya galabaita. Kwana biyu ana yi mashi ƙarin ruwa, Allah ya karɓi abinsa. Na san kwanansa ne ya ƙare, ban ja da hukuncin Ubangiji ba. Amma wata ma'aikaciyar jinya ta zaunar da ni lokacin da nake da cikinki, ta ce mani fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne, kuma ruwan da aka ba jariri yana cika mashi ciki ya hana shi tsotso, ga ƙwayoyin cutar da yake shigo da su. Ke da ƙannenki duka nono zalla kuka sha har wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya take faɗa. Ba ruwa, ba jiƙo, ba kunu. Zuma ma sai ya cika shekara. In zafi ya tsananta, ke za ki sha ruwa da yawa, shi kuma ki ƙara mashi nono.

Hajiya uwar mijinki ba mugunta take nufi ba, jikanta take so, kuma haka aka yi mata nata goyon. Kada ki yi musu da ita. Jibi da za ki kai shi allurar rigakafin sati 6, ki roƙe ta ta raka ki, ta ga an ɗora shi a sikeli, ta ji daga bakin ma'aikatan. Jariri mai ƙoshi yana ƙara wajen giram 150 zuwa 200 a sati a watannin farko, kuma za a rubuta a katinsa. A gida kuma ki lura da fitsarinsa. In yana jiƙa ƙunzugu ko pampas sau 6 ko fiye a yini, fitsarin ba ja ba, to yana samun abin da ya ishe shi. Ɗan tumbuɗi bayan tsotso ba komai ba ne, ki saɓa shi a kafaɗa ya yi gyatsa.

Barci kuma, ki daina auna shi da ɗan maƙwabta. A wata uku na farko jariri yana yin awa 14 zuwa 17 idan an haɗa duka, amma gutsi-gutsi yake yin sa, awa biyu nan, uku can. Bai san dare ba, bai san rana ba tukuna. Da rana ki buɗe taga haske ya shigo, ki bar hayaniyar gida yadda take. Da dare ki rage fitila, ki shayar da shi shiru, ki mayar. Sannu a hankali zai gane.

Ki kwantar da shi rigingine kullum, ban da rub da ciki. Shimfiɗa mai tauri, babu matashi, babu tulin zannuwa kusa da fuskarsa, kuma cikin gidan sauro ko da rana ne. Na ga kina son naɗe shi da hula da safa da tawul. A wannan zafin 'yar riga ɗaya ta auduga ta isa. Ki taɓa ƙeyarsa, in da gumi ki rage mashi kaya.

Abin da ba a jira da shi: in ya ƙi kama nono, ko barcin ya yi nauyi har kin tashe shi ya kasa tsotso, ko jikinsa ya yi zafi, ko numfashinsa ya yi sauri haƙarƙari na lotsawa, ko ya yi jijjiga. Ko tsakar dare ne ki tashi maigidanki ku nufi asibiti. In sun ce ku taho Sakkwato, ku wuce Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo kai tsaye, ki kira ni a hanya, can za ku same ni.

Ke ma ki kwanta idan ya kwanta, wanke-wanke zai jira. Na ba direban motar Tambuwal garin kunun gyaɗa da man shanu da kilishi, da yamma za su iso. Babanki ya ce a shafa mashi kan abokinsa. Ki gaishe da Hajiya da kyau, ki ce ina nan zuwa in Allah ya kai mu bayan Juma'a. Ki karanto mani abin da sikeli ya nuna jibi.

Allah ya raya mana shi bisa sunna, ya yi maki albarka.

Innarki