Aminina, kan maganar muƙamin nan da ka rubuto

Assalamu alaikum aminina,

Ya aiki, ya iyali, ya kwana biyu? Saƙonka ya iso, kuma wallahi tunda na karanta wajen da kace an cire maka sunan manaja an barka da "jami'i" kawai, har kana jin nauyin faɗin aikinka in an tambaye ka, abin ya tsaya min a rai na kasa yin shiru.

Kasan ni shekara da shekaru in akace me kake yi sai ince akanta ne, mutum ya gyaɗa kai yace to madalla, shikenan magana ta mutu. Rannan wata mata mai ƙaramin kamfani ta tambaye ni, sai kawai na ce mata aikina shine in bi lissafi layi layi in gano inda kuɗi ke zurarewa tun mai shi bai ankara ba. Ta ajiye wayarta ta juyo gaba ɗaya tace ai ni damuwata kenan, muka kusa awa muna magana. Aikin dai shine wanda nake yi kullum, amma ranar ne na faɗe shi yadda wani zai ga amfaninsa a jikinsa.

Akwai wani bincike da nake so ka sani. A 2001 wasu malaman jami'a biyu a Amurka, Amy Wrzesniewski da Jane Dutton, sun rubuta akan masu shara da goge-goge a asibiti. Muƙami ɗaya ne, amma wasu in ka tambaye su sai su lissafo maka share ɗaki da kwashe shara, wasu kuma suna ganin kansu cikin masu kula da mara lafiya, suna lura da wanda ba mai zuwa dubashi su tsaya suyi masa hira, har da wadda take canza hotunan bango a ɗakin masu dogon suma ko Allah zai sa wani abu ya taɓa su. Ba wanda ya rubuta mata wannan a takardar ɗaukar aiki fa. Duk sanda na tuna matar nan sai jikina yayi sanyi.

To kai fa? Ni na sanka. Kai ne sabon ma'aikaci in yazo a rikice kake zaunar da shi ka nuna masa komai har ya tsaya da ƙafarsa, kai ne in rigima ta tashi tsakanin sashe biyu ake cewa a kira wane. Wannan ai basu cire maka ba.

Ka duba LinkedIn ɗinka ma, shafin intanet ɗin nan da ma'aikata ke saka bayanan aikinsu, layin nan na ƙasan suna yana ɗaukar haruffa 220, in baka taɓa shi ba muƙaminka da sunan kamfani kawai zai saka maka. Ka gyara shi, amma dan Allah banda manyan kalmomin nan irin mai hangen nesa ko jagoran sauyi, kowa na rubutawa kuma basa nuna komai. Ka faɗi wa kake taimako da kuma matsalar da kake warware masa.

Rubuto min jimla biyu ko uku kafin ƙarshen sati mu gyara tare. A gaida madam da yara.

Naka har kullum.