Zuwa ga abokan cinikinmu masu aiki da groff: gyara a kan layin umarnin da muka ba ku

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Malamai, marubuta, masu makarantu da masu ƙananan maɗaba'u da muke hulɗa da ku, muna gaishe ku da aiki. Wannan wasiƙa ta neman afuwa ce da gyara, kuma ta shafi duk wanda muka ɗora wa manhajar groff a kwamfutarsa don tsara rubutu.

Ranar da muka ɗora muku ita, kowa mun manna masa 'yar takarda a gefen allo, ɗauke da layi guda:

groff -ms -Tpdf aiki.ms > aiki.pdf

Layin nan bai cika ba, kuma laifinmu ne. A shagonmu muna da wani ɗan fayil da ke ƙara sauran zaɓuɓɓukan da kansa. Yau da gobe muka saba har muka manta yana nan, sai muka rubuto muku rabin magana. Gwajin da muka yi a gabanku kuma da rubutun Turanci muka yi shi, shi ya sa komai ya fito sumul.

Makon jiya wata malama mai koyar da lissafi a firamare ta shigo mana da takardun jarrabawar ajinta. Inda ta rubuta "naira ɗari uku" ya fito "naira Éari uku", inda ta rubuta "ƙasa" ya fito "Æasa". Ba ta lura ba sai da aka gama yi mata hoton takardun na ɗalibai duka. Daren ranar ta zauna da biro tana bin su ɗaya bayan ɗaya, tana soke baƙon harafi tana ɗora na Hausa a kansa. Da ta shimfiɗa su a kan teburinmu ba ta yi faɗa ba, tambaya kawai ta yi: ita ce ta yi kuskure ko na'urar? Malama, ba ke ba ce, ba kuma na'urar ba. Mu ne, kuma muna roƙon ki yafe mana.

Mun sake mata aikin. Amma gyaran takarda ɗaya ba ya kashe matsalar, don haka muke so kowannenku ya san abin da kowane ɗan harafi mai karan ɗori a gabansa yake yi a layin nan. Wanda ya san wannan ba zai riƙa jiran mu ba duk lokacin da wani abu ya karkace.

Mu fara da abin da ya sami malama. Asalin manhajar nan daga Amurka yake. A ɗakin binciken Bell Labs, a 1971, masu buga takardun neman haƙƙin ƙirƙira sun riƙa aiki da kakarta mai suna roff. Joe Ossanna ya rubuta troff don injin ɗab'i na hoto, bayan rasuwarsa a 1977 Brian Kernighan ya sake mata fasali yadda za ta yi aiki da kowane irin inji, sannan James Clark ya fitar da groff a 1990 a ƙarƙashin shirin GNU, kyauta ga kowa. Duk wannan ya faru kafin tsarin UTF-8 da kwamfutocinmu ke adana rubutu da shi a yau ya yaɗu. Saboda haka idan ba a gaya mata komai ba, groff tana ɗauka rubutun da aka ba ta na tsohon tsarin Latin-1 ne, na harsunan yammacin Turai, inda kowane harafi ke cin gurbi ɗaya. Su kuwa haruffanmu masu lanƙwasa kowanne gurbi biyu yake ci a UTF-8. Sai ta karanta gurbin farko a matsayin wani harafin Turai, na biyun kuma galibi ta yar da shi. Ƙaramin ƙ ya zama Æ. Ƙaramin ɓ da ƙaramin ɗ dukansu su zama É, wato "ɗari" da "ɓari" su koma kalma ɗaya a takarda, ba mai iya bambance su.

Maganin wannan shi ne -Kutf8, da babban baƙi. Yana sa wata ƙaramar manhaja mai suna preconv ta fara bin rubutun ta mayar da kowane harafi zuwa lambar da groff ke ganewa. Akwai ɗan'uwansa -k na ƙaramin baƙi, shi ma preconv yake kira, sai dai yana barin ta ta yi hasashen tsarin da kanta. Mu mun fi son a faɗa mata kai tsaye, kada a bar ta da canki-canka.

A nan akwai wani rami da ya kamata marubuta littattafai su sani. Da yawanku kuna raba littafi babi-babi, kuna janyo su cikin babban fayil da umarnin .so. A fitowar 1.23.0 ta shekarar 2023, wadda muka ɗora muku, preconv fayilolin da aka ambata a layin umarni kaɗai take gani. Babin da aka janyo daga baya ba ya bi ta hannunta, sai ka ga shafin farko lafiya lau, babi na ɗaya kuma duk Æ da É. Hanya mafi sauƙi ita ce ku jero babukan a layin da kansu, babi1.ms babi2.ms babi3.ms, bi da bi.

To, an karanta harafi daidai, saura a zana shi. Salon haruffan da groff ke zuwa da su, irin su Times da Helvetica, ba su da ɓ, ɗ, ƙ, ba su kuma da ƴ da 'yan'uwanmu na Nijar ke rubutawa a inda mu a Najeriya muke sa 'y. Wannan ya fi na farko haɗari, domin babu baƙon harafin da zai tsone maka ido. Harafin ɓacewa yake yi. "Ƙasa" ta zama "asa", "ɗaki" ya zama "aki", mai karatu da sauri kuma idonsa ya cike gurbin bai sani ba. Shi ya sa muka shirya muku salon Charis SIL, wanda ke da haruffanmu manya da ƙanana, muka ajiye shi a jakar "haruffa". Zaɓin -F yana nuna mata inda jakar take, -f kuma yana faɗa mata sunan salon da za ta ɗauka. Ku haɗa da -P-e, wanda ke cusa dukan salon haruffan da aka yi aiki da su a cikin PDF ɗin, yadda ko an kai shi wata kwamfutar a maɗaba'a ba za ta musanya su da nata ba.

Sai batun takarda, wanda ya ci wa wani mai maɗaba'a a cikinku rim guda kafin a gane. Tsawon shafin da troff ta gada inci 11 ne, girman takardar ofis ta Amurka, milimita 216 a faɗi da 279 a tsawo. Tamu A4 ce, 210 da 297. Bambancin milimita 18 a tsawo ya isa ya bar fili fayau a ƙasan shafi, ya kuma sa adadin shafukan littafi ya sauya. Abin da ke rikita mutane shi ne sau biyu ake faɗar girman. Zaɓin -dpaper=a4 na mai tsara rubutu ne, ya san tsawon shafi da faɗin layi. Shi kuwa -P-pa4 na mai fitar da PDF ne, ya san girman takardar da zai shimfiɗa rubutun a kai. Duk abin da ya biyo bayan babban -P miƙa shi ake yi ga wannan na ƙarshe. In ka faɗa wa ɗaya ka bar ɗaya, kamar tela ne ya yanka yadi da awon wani, ya ɗinka da awon wani. Masu ƙananan littattafai su sa a5 a wuraren biyu, wato 148 da 210. Mai son takarda a kwance, kamar jadawalin sakamakon jarrabawa, ya rubuta -dpaper=a4l -P-pa4 -P-l.

Ga cikakken layin da ya kamata a ce mun ba ku tun farko:

groff -Kutf8 -t -ms -Tpdf -dpaper=a4 -P-pa4 -P-e -F ~/haruffa -fCharis aiki.ms > aiki.pdf

Sauran ba su da wuya. Babban -T yana faɗin irin abin da za a fitar. In an bar shi, PostScript za ta bayar, wato wani nau'in fayil na injin bugu wanda ba PDF ba, ko da kun sa wa fayil ɗin suna mai ƙarewa da pdf, kuma wayoyi da yawa ba za su buɗe shi ba. Da -Tutf8 za ku iya duba rubutun nan take a baƙin allo. Zaɓin -ms yana ɗauko tarin ƙa'idojin sakin layi da kanun babi da Mike Lesk ya fara tsarawa. Ƙaramin -t na jadawali ne, -e na alamomin lissafi, -p na zane. Malaman lissafi da kimiyya, kada ku manta da -e, in ba haka ba umarnin da kuka rubuta don kasafi ko tushen lamba zai fito tsirara a tsakiyar tambaya. In rubutun ya yi wa yara ko dattawa ƙanana, -rPS=12 -rVS=14 zai ƙara girman harafi da tazarar layi daga 10 da 12 da ms ke farawa da su.

Ku lura da kyau, babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wajenta. Ƙaramin -t jadawali, babban -T nau'in fitarwa. Ƙaramin -p zane, babban -P saƙo ga mai fitarwa. Yawancin kiran da muke samu a waya daga nan yake tasowa, musamman in an kwafi layin ta WhatsApp, wayar ta mayar da harafin farko babba ko ta sauya karan ɗori da dogon layi. Ku buga shi da hannunku.

Akwai ɗabi'a ɗaya da muke roƙon ku ɗauka, wadda da mun koya muku ita da malama ba ta kwana da biro a hannu ba. Kafin ku fitar da komai, ku buga cikakken layin nan, ku ƙara masa -z da -ww, ku cire alamar > da abin da ke bayanta. Zaɓin -z yana sa ta bi aikin duka ba tare da ta fitar da shafi ko ɗaya ba, -ww kuma yana buɗe bakinta ta faɗi duk abin da ta gani ba daidai ba, da sunan fayil da lambar layi. In allo ya yi shiru, alhamdu lillahi. In kun ga u0253, u0257, u0199 ko u01B4 a cikin gargaɗin, to ɓ, ɗ, ƙ ko ƴ ne ba ta samu a salon haruffan ba, ku dakata da bugu. Mu a shago ba ma sakin aiki sai mun yi wannan, kuma ba ya cin minti ɗaya. Babban -V shi ma abokin tafiya ne: ba ya gudanar da komai, yana nuna muku jerin manhajojin da rubutun zai ratsa ne kawai, daga preconv zuwa tbl mai jadawali zuwa troff mai tsara rubutu zuwa gropdf mai fitar da PDF. In ba ku ga preconv a farkon jerin ba, kun san inda gizo ke saƙar.

Don tsimin takarda da tawada, -o5-12 zai fitar da shafi na 5 zuwa na 12 kaɗai. In kashi na biyu na littafi zai ci gaba daga inda na farko ya tsaya, -n33 zai sa lambar shafin farko ta zama 33. Wani abu kuma da ba a layin umarni yake ba amma ya shafi Hausa: groff da ƙa'idar Turanci take karya kalma a ƙarshen layi, ba ta san gaɓar Hausa ba. Ku sa .nr HY 0 a saman fayil ɗinku, ta daina karyawa gaba ɗaya.

Zaɓi ɗaya ne muke cewa ku nisance shi, wato babban -U. Groff tana tashi ne a yanayin kariya, ba ta yarda fayil ɗin rubutu ya ba kwamfuta umarni ko ya rubuta wasu fayiloli. Shi -U cire wannan kariya yake yi. Masu maɗaba'a da ke karɓar aiki a filashi daga hannun duk wanda ya shigo, wannan ku ya fi shafa, domin layi ɗaya da aka ɓoye a tsakiyar rubutu zai iya share muku aikin shekara. In wani aiki ya ƙi tafiya sai da shi, ku kawo mana mu duba cikinsa tukuna. Haka nan ku kula da sunan da ke bayan alamar >. In hannu ya zame kuka rubuta aiki.ms a wurin aiki.pdf, kwamfuta za ta wofintar da ainihin rubutunku tun kafin groff ta fara karanta shi. Ku riƙa ajiye kwafi a wani wuri.

Duk wanda muka ɗora wa manhajar nan, ya kawo kwamfutarsa shago a lokutan aiki, ko ya kira mu mu zo in ta tebur ce. Za mu sauya 'yar takardar gefen allo, mu tabbatar jakar haruffa tana inda ya dace, mu kuma yi gwaji a gabanku da rubutunku na Hausa, ba tare da kun biya ko kwabo ba. Kafin ku zo ku buga groff -v ku rubuto mana lambar da ta nuna, domin wasu sun sabunta kwamfutocinsu bayan mun rabu. Cikakken bayanin zaɓuɓɓukan yana cikin kwamfutarku, man groff zai buɗe shi ko babu intanet, sai dai da Turanci yake. Muna shirya taƙaitaccensa da Hausa a shafi biyu, za ku karɓa in kun zo.

Wanda kuma ya riga ya yi asarar takarda ko kuɗin bugu ta dalilin layin da muka ba shi, don Allah kada ya ji nauyi. Ya zo da abin da ya lalace, mu sake bugawa a kanmu.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a sana'o'inku.

Naku,
Ma'aikatan sashen tsara rubutu