Takardar Koke Kan Katafaren Kantin Da Ya Toshe Mana Hanyar Ruwa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Dagaci,
Ta hannun Mai Unguwa,
Birnin Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali, mu ne talakawanka mazauna lungunan da ke bayan sabon katafaren kantin nan na bakin titi. Sau uku muna zama a soron Mai Unguwa bayan sallar isha'i, da liman da dattawa da samari, matan aure kuma suka aiko da nasu ta bakin uwargidan liman, kafin muka yarda a rubuta wannan takarda. Samarin sun so a wuce gidan rediyo kai tsaye. Dattawa suka ce a'a, mai uba ba ya kai kukansa waje kafin ya kai gida.

Kada a ce muna adawa da kasuwanci. Ina Bakano ina ƙin kasuwa? Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, take ci, kuma galibinmu a Kwari da Singa da Sabon Gari da Ƙofar Wambai muke neman abinci. 'Ya'yanmu ma ranar sallah kantin nan suke tururuwa, su hau matakalar nan mai tafiya da kanta, su ɗauki hoto, su dawo suna ba mu labari. Abin da ya dame mu shi ne kantin ya ba titi fuska, mu kuma ya ba mu ƙeya. Ta gaba gilasai ne da fitilu da furanni. Ta wajenmu doguwar katanga ce, da bututun hayaƙin janareto, da ƙofar da ake fitar da shara.

Babban kukanmu ruwa ne. Allah ya taimake ka, ka fi mu sanin cewa filin da aka kafa kantin kududdufi ne a da. Irin ramukan nan ne da kakanni suka haƙa suka yi tubali suka gina gidaje, ramin kuma ya zama masaukin ruwan damina. Lambatun lunguna uku a cikinsa suke zuba. In ya cika ya tumbatsa, sai ya bi kwalbati ta ƙarƙashin titi ya kama hanyarsa zuwa kogin Jakara. Ba mu ce wurin abin sha'awa ba ne, sauro da wari mun sha su, har yara sun sha faɗawa ciki. Amma tsawon rayuwarmu ruwa bai taɓa kwana a ɗakin kowa ba.

Da aka zo cike shi, wakilan masu ginin sun tsaya a ƙofar masallacinmu, suka ce za a yi babbar magudana mai murfi ta zagaye katangar. Muka yi fatiha, muka watse. Abin da muka gani bayan an gama, bututu ne guda ɗaya a gindin katanga, wanda bakinsa bai fi bakin bokiti ba. Ledar fiya-wata biyu da robar lemo uku sun isa su shaƙe shi. Ga rufin kantin mai faɗin gaske, ga filin ajiye motoci da aka malale da siminti, babu taki ɗaya na ƙasa da zai sha ruwa, kuma indararon duk ta ɓangarenmu aka karkato da su. Ruwan da a da yake fita daga wajenmu ya rasa mafita, na kantin kuma ya zo ya same shi.

Daminar bara, cikin watan Agusta, aka yi ruwan dare ɗaya. Kafin kiran assalatu ruwa ya kai gwiwa a lungun tsakiya. Akwai wata baiwar Allah a gidan ƙarshe, tsohuwa, mijinta ya rasu, jikoki uku take riƙo. Goya ta aka yi aka fito da ita, tana riƙe da Alƙur'anin marigayin a ka, tana cewa a koma a ɗauko mata buhun masara. Buhun ya riga ya sha ruwa. Kwana biyu ta shanya masarar a kan rufin maƙwabta, duk da haka ta yi tsiro. Ruwan kuma ba na sama kaɗai ba ne, ya haɗu da na masai, shi ya sa mako bai zagayo ba yara suka kama gudawa. Har yau shatin ruwan yana jikin bangon masallaci, mun hana a shafe shi da fenti don wanda zai zo dubawa ya gani da idonsa.

Ranka ya daɗe, ginin ƙasa ba ranar ruwa yake faɗuwa ba. Ta gindi yake sha, ya ƙoshi, sai rana ta fito kowa ya saki jiki, sannan ya zauna. Haka katangar gidaje biyu ta yi, Allah ya kiyaye babu kowa a gindinta. Akwai wasu da muka tokare da azara, kuma duk wanda ya san gini in ya kalle su ya san ba za su ɗauki wata daminar ba.

Kowa ya tuna ambaliyar da ta shiga Kantin Kwari a watan Agustan 2022, yadda atamfa da shadda da leshi na miliyoyin naira suka jiƙe, da yadda aka yi ta magana a kan gine-ginen da aka ɗora bisa magudanan ruwa. Ciwon iri ɗaya ne da namu. Bambancin kawai, a can dilolin kaya ne suka jiƙe, duniya ta ji. A nan tabarma ce da katifa da littattafan 'yan makaranta.

Sai maganar hanya. Ƙofar sauke kaya ta cikin lungunmu aka buɗe ta. Manyan motoci da tsakar dare suke isowa, su yi layi har gari ya waye. Da rana kuma masu sayayya da ba sa son shiga layin fakin, da 'yan adaidaita sahu masu jiran fasinja, sai su cika ƙofofin gidaje. Kwanakin baya mun yi rashi. Aka sallaci mamacin, aka ɗauki makara, aka zo bakin lungu aka tarar da tirela ta gitta, direban ya tafi cin abinci. Sai da muka juya da gawa muka zaga ta bayan unguwa. Wani dattijo a cikinmu kuka ya yi, ba don mutuwar ba. Tun ranar muke tambayar kanmu, in makara ba ta wuce ba, ta ina motar kashe gobara za ta bi? Mutanen da suka ga yadda wuta ta cinye dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba sa wasa da wannan tambaya.

Janareton kuwa, jingine yake da katangar da ta raba mu. Mun san halin wutar lantarki, ba mu ce su zauna a duhu ba. Amma hayaƙin ta tagoginmu yake shiga, malamin makarantar allo kuma sai ya ɗaga murya kamar mai faɗa kafin almajirai su ji biyawa.

Akwai kuma 'yan tebur da aka tasa daga bakin titin: mai shayi, mai ƙosai, mai rake, mai faci. An ce suna ɓata wa wurin fuska. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowa ya san yadda kwanon abinci ya koma, ga shi an raba mutum da inda yake samun na cefane ba a nuna masa wani wurin ba.

Sau uku muna aika wakilai wurin manajan. Ya karɓe su da mutunci, ba za mu yi masa ƙarya ba, har ruwan sanyi ya ba su. Amsar dai ɗaya ce: mai wurin ba ya gari.

Mun san ba kai ka ba da filin ba. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar cikin birni a hannun gwamna take, amma dokar da kanta amana ta kira abin, don amfanin jama'a. Kuma mun ga yadda irin waɗannan wurare suke. An buɗe Ado Bayero Mall a titin Gidan Zoo a 2014, gari ya ɗauka, amma a Janairun 2024 Shoprite, babbar mai haya a cikinsa, ta rufe reshenta na can ta tafi. Mai haya in ciniki ya ja baya kwashe kayansa yake. Mu kuwa nan aka binne cibiyarmu, ba mu da inda za mu.

Don haka muke roƙon ka, Allah ya ja zamaninka, ka kira mai wurin da kansa, ba wakili ba, ka zaunar da mu gaba da gaba. Ka sa baki hukumar tsara birane ta KNUPDA ta turo injiniyoyi su fito da taswirar da aka amince a yi ginin a kanta, a gwada ta da abin da ke ƙasa, a fasa gindin katangar a yi magudanar da aka yi alkawari kafin ruwan fari ya sauka. Wannan shi ne na gaggawa, sauran duk za su iya biyo baya. Ƙofar kaya a mayar da ita ta titi, in hakan ya gagara a sa wa manyan motoci lokaci, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA ta tsare bakin lungun. Janareto a matsar da shi, a ɗaga bututun sama da rufinmu. 'Yan tebur a yanka musu gefe guda, sun ce za su riƙa share wurin da kansu. Tsohuwar nan da masu katangar da ta faɗi kuma, muna ganin haƙƙinsu ne a gyara musu. Idan abin ya fi ƙarfin nan, muna roƙo ka isar da shi gaban Mai Martaba Sarki.

Mu ma ba mu wanke kanmu ba. Ledar da ke toshe bututun daga gidajenmu take fitowa. Samari sun ɗauki yashe lambatu duk Asabar, Mai Unguwa shaida ne.

In ka samu sarari ka tako da kanka, ko ka turo wakili, Mai Unguwa zai fara kai ku bangon masallaci, daga nan a wuce gidan tsohuwar.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka masu biyayya,
Liman da dattawan unguwa,
Wakilan samari, matan aure da 'yan tebur.
Sa hannu da dangwalen masu gidaje suna haɗe da wannan takarda.