Roƙon tallafi domin samarin Somaliya da ke tare da mu a Yamai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Mu ƴan kwamitin masallacin unguwarmu a nan Yamai muna kawo muku kukanmu kan wasu samari ƴan Somaliya da muke sahu ɗaya da su. Tun watan Nuwamba 2017 Hukumar Kula da Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara kwaso waɗanda aka tsare a Libiya zuwa Nijar, su zauna kafin wata ƙasa ta karɓe su. An wuce da wasu Faransa da Kanada, an zaunar da wasu a sansanin Hamdallaye da ke kusa da Yamai. Namu suna nan suna jira.

Yawancinsu an haife su ne bayan faɗuwar gwamnatin Siad Barre a 1991, wasu ma a sansanin Dadaab na Kenya suka buɗe ido. Tafiyar da suka yi ta hamada zuwa Libiya "tahriib" suke ce mata da Somaliyanci. Masu tsare su a wurare irin garin Bani Walid na Libiya, suna dukansu iyayensu na ji ta waya don a aiko kuɗi, su ne "magafe".

Abinci da makwanci suna samu, alhamdu lillahi. Barci ne ya ƙaurace musu. Wani ya idar da sallar asuba ya zauna, ba ya cewa uffan har hantsi. Wani ana buga ƙofa da ƙarfi sai ya zabura, jikinsa na rawa. Suna da sunansu ga ciwon nan na zaman jiran tafiya, "buufis". Don Allah kada a kira su mahaukata. Wannan kalma ce ke sa su ɓoye abin da ke damunsu. Kuma ba ragwaye ba ne. Ɗayansu da allo ya yi karatu kamar mu, yanzu shi ke yi wa yaranmu tilawa bayan magariba, ranar da ya yi kuwa har dariyarsa muke ji.

Abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne tafinta. Likita na nan, amma yaro ba ya iya amayar da abin da ke cikinsa da guntun Larabci. Muna son biyan mai jin Somaliyanci da zai riƙa raka su asibiti, da kuɗin mota. Sai katin waya don kowa ya ji muryar mahaifiyarsa duk mako, da takalman ƙwallo, da sukari da ganyen shayi na zaman daren Alhamis, inda suka fi sakin jiki.

Ko jaka ɗaya ce, a miƙa wa ma'ajin kwamiti bayan sallar Juma'a, a karɓi rasit. Ƙarshen kowane wata za mu karanta lissafi a gaban jama'a. Wanda ba shi da hali, ya gayyaci ɗayansu cin tuwo a gidansa.

Allah Ya saka da alheri.

Kwamitin Masallaci